Mudu Uku a Ɗakin Sanyi

A Garwa, inda kwalta ke laushi tun hantsi,
ni ke riƙe da makullin ɗakin da ya fi ko'ina sanyi.
Injuna a tsaye sahu-sahu,
idanunsu kore, suna ƙyafce ba barci,
lissafin audugar ƙauyuka saba'in a cikinsu.

Ranar Laraba aka kawo faifai takwas sababbi,
kowanne bai fi tafin hannuna ba.
Ba ya juyi, ba ya ƙara, babu allura a cikinsa.
A goshinsa an buga:
tera uku da ɗigo takwas da huɗu.
Na zura su a gurbi, na tambayi na'ura.
Ta ce: uku da ɗigo huɗu da tara.

Kafin azahar sai ga Malam Bappari ma'aji,
tabarau a karan hanci, rasit a hannu,
sanyi na kaɗa shi, shi kuma yana huci.
"Gagare, ina sauran?
Sefa muka biya cif, ko dala ba a rage mana ba.
Wa ya share kan mudun?"

Na ja masa kujera.
Na ce, mai sayarwa da dubu yake awo,
dubu zalla, irin ta allon makaranta.
Ita na'ura bibbiyu ta iya ƙirge,
ta yi ta ninki har dubu da ashirin da huɗu,
a nan ne take cewa ɗaya.
Hatsin bai ragu ba, Malam.
Mudunta ne ke da zurfi.

Ya danna kalkuleta, ya goge, ya sake dannawa.
Ya ce, "To."
Da a nan ya kamata in yi shiru.

Sai na ce akwai awo na uku,
wanda ba a rubuta a kwali ba.
Cikin faifan ya fi bakinsa.
Da za a tona, ya haura tera huɗu,
amma ya danne saura,
ko ni mai makulli ba ya nuna mini.

Babana kwale-kwale ya tuƙa a Binuwai,
shekara talatin da 'yan kai.
Bai taɓa lodi har baki ba.
Yakan sa hannu tsakanin ruwa da bakin katako,
in bai cika taki ba, sai a sauke buhu.
Masu kaya su yi ta mita, "Ai ga wuri nan!"
Ya ce, "Wannan wurin kogi ne."

Haka faifan.
Kowane ɗan gurbi a cikinsa
yana da iyakar rubutu da gogewa,
kamar gwiwar wando da durƙuso ke ci.
In ɗaya ya sare, wani ya fito daga ɓoye
ya ɗauki aikinsa, ba shela.
Sannan wa ya taɓa share ɗaki maƙil da kaya
ba tare da inda zai jingine su ba?

Malam Bappari ya cire tabarau.
"Wato mun sayi abin da ba za mu taɓa gani ba."
Na ce, shi ke tsare wanda kake gani.
"A wane layi zan rubuta shi?"
Wannan kam ban sani ba.

Ya buɗe littafinsa a kan cinya,
ya sa adadin kwali, ya sa na na'ura,
biro ya tsaya a iska.
Ya bar layi guda fari,
ya ja dogon zane a ƙarƙashinsa.

Da yamma na bi ta kan gada a babur.
Ruwa ya ja baya, yashi ya fito.
Wani yaro na turo jirgi cike da albasa.
Na rage gudu ban shirya ba,
ina auna takinsa da ido.